Babi na Huɗu: Sharhi a Kan Hulɗar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Sauran Cibiyoyi, da Rabon Ƙasar Tambuwal da Kebbe a Cikinta

4.0 Gabatarwa

A babi na uku an kawo tarihin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, tare da bayanin irin kayan da take adanawa, wato rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da takardun mulki na zamanin En'e, da kayan tarihi. A wannan babi kuwa za a yi sharhi ne a kan hulɗar da ta gudana tsakanin wannan hukuma da cibiyoyin ilimi da na al'adu, na gida da na waje. Manufar ita ce a gano abin da hulɗar ta haifar, da inda ta yi ƙarfi, da inda ta yi rauni, musamman idan aka dube ta daga ƙasar Tambuwal da Kebbe, wadda ita ce farfajiyar wannan bincike.

4.1 Ma'aunin Sharhi

Kafin a ce wani aiki ya yi kyau ko bai yi ba, wajibi ne a bayyana ma'aunin da aka ɗora shi a kai. Manufar Al'adu ta Nijeriya ta shekarar 1988 ta tanadi cewa za a kula da al'ada ta hanyar adana ta, da haɓaka ta, da gabatar da ita ga jama'a, sannan da samar da tsarin gudanarwa da kuɗin yin waɗannan ayyuka. Bisa wannan ne aka tsara tambayoyi uku da za a auna kowace hulɗa da su:

(i) Me kowane ɓangare ya kawo, kuma me ya samu?
(ii) Wane irin kayan al'ada aka fi mayar da hankali a kansa, wane kuma aka bari a baya?
(iii) Shin sakamakon aikin ya koma wurin mutanen da aka samo kayan daga gare su, kuma cikin harshen da suke ji?

4.2 Hulɗa da Jami'o'i da Manazarta

Hulɗar da ake magana a kai ta girmi ita kanta hukumar. Tushenta shi ne ɗakin littattafan Waziri Junaidu (1906-1997), wanda ya gaji rubuce-rubucen gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, ya kuma buɗe ƙofarsa ga masu bincike. A nan ne Murray Last ya yi karatun da ya ba shi digiri na uku a Jami'ar Ibadan a 1964, wanda aka buga a 1967 da sunan The Sokoto Caliphate. A cikin shekarun 1960 ɗin ne kuma Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shiga tattara rubuce-rubucen hannu da ɗaukar hotonsu. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a Kaduna ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Saboda haka lokacin da aka kafa Hukumar Tarihi a Sakkwato cikin shekarun 1970, ta tarar da hanya an riga an share ta, sai ta bi.

Babban misalin wannan hulɗa shi ne taron ƙara wa juna ilimi da aka yi a Sakkwato a 1975 a kan tarihin Daular Usmaniyya. Takardun da aka gabatar a taron, Dokta Yusufu Bala Usman ya tace su, Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga su a 1979 a madadin Hukumar Tarihi ta Jihar Sakkwato. Idan aka ɗora wannan aiki a kan tambaya ta farko, za a ga kowane ɓangare ya kawo abin da ɗaya ba shi da shi. Jami'a ta kawo ƙwararrun malamai da dabarun bincike da hanyar ɗab'i. Sakkwato kuma ta kawo littattafan da malaman da suka san karatunsu, domin rubutun hannu na Magaribi da ajamin Fulatanci ba kowane mai digiri ke iya warware su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan an ga amfanin haɗa hannun.

Misali na biyu shi ne aikin Jean Boyd, wadda ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta kuma yi aikin bincike a ƙarƙashin Hukumar Tarihi. Da taimakon Waziri Junaidu ta tattara rubuce-rubucen Nana Asma'u (1793-1864), ta fitar da tarihinta a littafin The Caliph's Sister a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack suka buga waƙoƙi da rubuce-rubucen Nana a kundi guda a Amurka, da Larabci da Fulatanci da Hausa, tare da fassarar Ingilishi. Haka kuma juzu'i na biyu na Arabic Literature of Africa da John Hunwick ya fitar a 1995 ya nuna littattafan da ke ajiye a Hukumar Tarihi, da na gidan Waziri, da na Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan ya sa mai bincike a ko'ina yake a duniya yana iya sanin inda zai sami wani littafi na Shehu ko na Abdullahin Gwandu ko na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Babu shakka wannan nasara ce babba. Kafin waɗannan ayyuka, yawancin abin da ake karantawa a makarantun boko game da jihadin 1804 daga alƙalamin Turawan mulki ya fito. Hulɗar ta sa aka koma ga abin da masu jihadin suka rubuta da hannunsu. A ɓangaren adanawa, da wuya a sami wanda zai ce ba a yi ƙoƙari ba.

4.3 Wuraren da Hulɗar ta Yi Rauni

4.3.1 Rinjayen Rubutu a Kan Adabin Baka

Idan aka jera manyan ayyukan da aka ambata a sama, za a ga dukkansu a kan rubutattun abubuwa suke, kuma yawancinsu a kan gidan Shehu da gidan Waziri. Dalilin haka a fili yake. Abokan hulɗar farko malaman tarihi ne da na Larabci, kuma kowane mai sana'a kayan sana'arsa yake nema. Sai dai hukumar da ke ɗauke da sunan "al'adu" nauyinta ya wuce takarda. Kiɗa da waƙa, da tatsuniya, da kirari, da sana'o'in gargajiya, duk suna cikin abin da aka ɗora mata.

Ana iya kare wannan rinjaye da cewa takarda ce ta fi fuskantar haɗari, ga gara, ga gobara, ga ɗigar ruwan damina, kuma kuɗin gwamnati ba ya isa a yi komai a lokaci guda. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba. Littafi yana iya yin shekara ɗari a cikin gafaka yana jiran mai karatu, makaɗi kuwa idan ya rasu ya tafi da abin da ke kansa. Ibrahim Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, Salihu Jankiɗi a 1973, Musa Ɗanƙwairo a 1991. Abin da ya saura na muryoyinsu, yawancinsa gidajen rediyo da masu sayar da kaset ne suka tsare shi, kuma ba don bincike suka ɗauka ba. Shi ya sa sau da yawa ana samun waƙa ba a san ranar da aka yi ta ba, ko wurin, ko sunayen 'yan amshi. Idan haka ta faru ga makaɗan fada da suka yi fice, to ina ga makaɗin noma ko na masunta da sunansa bai wuce gundumarsu ba?

Gaskiya ne malaman sassan harsunan Nijeriya sun cike wani ɓangare na wannan giɓi. Littafin Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993), da ayyukan Abdullahi Bayero Yahya da Aliyu Muhammad Bunza a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun ba ɗalibai hanyar nazarin wannan fanni. To amma kundin ɗalibi rubutu ne kawai yake ajiyewa. Muryar da aka ɗauka, da amon kalangu ko kotso ko taushi, ba su shiga cikin kundi. A nan ne ake bukatar hukuma mai rumbun adana murya, wadda za ta karɓi abin da ɗalibai suka ɗauko, ta sa masa lamba, ta tsare shi.

4.3.2 Matsalar Harshe

Tambaya ta uku ita ce wadda hulɗar ta fi kasa amsawa. Littafin Last, da takardun taron 1975, da littattafan Boyd, da juzu'i biyu da Gidan Arewa ya buga a 2006 bayan bikin cikar Daular shekara 200 a 2004, duk da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. Ke nan an ɗauki ilimi daga Larabci da Fulatanci da Hausa, an mayar da shi harshen da mafi yawan jikokin marubutan ba su karantawa. Fassarar Hausa ta littafin Last, mai suna Daular Sakkwato, sai bayan gomman shekaru ta fito. Abin lura a nan shi ne, shi kansa Waziri Junaidu da ake jingina hukumar da sunansa, tun a shekarun 1950 ya ba da Tarihin Fulani da Hausa, domin talaka mai karatun yaƙi da jahilci ya san asalinsa.

Akwai kuma matsalar karin harshe. Mutanen Tambuwal da Kebbe karin yamma suke yi. Suna cewa "munka zo" a maimakon "muka zo", da "yat tahi" a maimakon "ya tafi", da "gidanai" a maimakon "gidansa". Duk lokacin da aka rubuta waƙa ko tatsuniyar yankin aka daidaita ta da daidaitacciyar Hausa, to an taɓa nauyin gaɓoɓinta, wani lokaci har karin waƙar ya karye. Wannan ma wani dalili ne da ya sa adana murya ya zama dole, domin ita ce shaidar da za a koma gare ta idan rubutu ya yi gardama.

4.4 Matsayin Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Ƙasar Tambuwal ba baƙuwa ba ce a tarihin Daular. Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne aka ba riƙon wannan yanki na kudu, ya zauna a Tambuwal a matsayin ribaɗi, kuma sarautar garin ta ci gaba a zuriyarsa. Garuruwa irin su Dogondaji da Jabo da Sanyinna, da Kebbe da Kuci, kowane yana da sarautarsa da malamansa da tarihin kafuwarsa. Duk da haka, a manyan littattafan da aka ambata, yankin yana fitowa ne a matsayin gefen labari, wato wurin da aka tura wani ɗan sarki ko aka bi aka wuce zuwa yaƙi. An kalle shi daga Sakkwato da Wurno da Gwandu. Tarihinsa kamar yadda mutanensa ke ba da shi a zaurukan hakimai da na limamai wani abu ne dabam, kuma shi ne ya fi saurin salwanta.

Abubuwan da ke akwai a yankin waɗanda suka cancanci a yi hulɗa saboda su sun kasu gida uku. Na farko, littattafan da ke hannun malaman zaure, waɗanda suka haɗa da kwafe-kwafen littattafan masu jihadi, da waƙoƙin ajami na wa'azi da na furu'a, da wasiƙu. Ko da littafin sananne ne, kwafin ƙauye yana da daraja, domin sunan mai kwafe da ɗorin da ke gefen shafi suna nuna yadda ilimi ya yi tafiya daga birni zuwa karkara. Na biyu, adabin baka: kiɗan gayya, da waƙoƙin mata na daka da niƙa da reno, da kirarin 'yan dambe da 'yan kokawa, da tashe, da sharon Fulani. Na uku, ilimin sana'a, kamar ƙira da saƙa da dukanci, da su a fadamun gulbin Zamfara da yankin Romo, inda Sarkawa ke da kalmomi da al'adun ruwa na kansu.

Wani abin da ya ƙara wa yankin wahala shi ne rabon jihohi. A zamanin Jihar Arewa Maso Yamma (1967-1976) da tsohuwar Jihar Sakkwato, Tambuwal da Kebbe suna tsakiyar ƙasa ne. Da aka cire Jihar Kabi a 1991, aka kuma cire Zamfara a 1996, sai suka koma bakin iyaka. Gwandu da Aliero da Jega, waɗanda suke maƙwabtan Tambuwal ta fuskar kasuwa da auratayya da karatu, suka faɗa wata jiha. Gummi, maƙwabciyar Kebbe, ita ma ta faɗa wata. Makaɗi ko ɗan dambe ba ruwansa da wannan iyaka, da kaka yana bin gari-gari kamar yadda ya saba. Amma hukumar jiha ikonta da kasafin kuɗinta a kan iyaka suke tsayawa. Saboda haka duk wanda zai yi nazarin al'adun wannan yanki da gaske, sai ya haɗa hukumomin jihohi uku, kuma irin wannan hulɗa ta maƙwabta ta fi hulɗa da ƙasashen waje muhimmanci ga Tambuwal da Kebbe.

Daɗin daɗawa, matsalar 'yan bindiga da ta addabi Zamfara tun farkon shekarun 2010 ta taɓa wasu ƙauyukan da ke iyaka da ita ta ɓangaren Kebbe. Mutumin da ya gudu da dare ba littattafan kakansa zai fara ɗauka ba, kuma garin da ya watse ba a yin gayya ko wasan kaka a cikinsa. Wannan ya sa batun adanawa a yankin ya zama na gaggawa.

4.5 Hulɗa da Hukumomin Al'adu da Bukukuwa

Ta ɓangaren gabatar da al'ada ga jama'a, hanyar da hukumomin jihohi suka fi bi ita ce ta bukukuwa. An fara Bikin Fasaha da Al'adu na Ƙasa a 1970, aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975, sannan aka yi FESTAC a 1977, inda aka yi babbar daba a Kaduna. Waɗannan sun sa jihohi sun san juna, sun kuma ba makaɗa da maraya damar fita. Illarsu ita ce suna raba abu da muhallinsa. Kiɗan noma a gona ake yinsa, ga gayya, ga kunya ana ja, makaɗi yana zuga wanda ya yi gaba yana zolayar wanda ya yi baya. Idan aka kawo shi dandamali aka ba shi 'yan mintoci a gaban alƙalan gasa, abin da ya rage shi ne rawa da ado. Mai kallo ya ga siffar, bai ga aikin da kiɗan ke yi ba.

Akwai misalai biyu a kusa da ke nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a bakin ruwansa ake yinsa, masarauta da masunta ne ke riƙe da shi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ake gado. Haka nan kufan Surame, tsohon birnin Kanta, yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta tarayya, ya kuma shiga jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO a 2007. Darasin Argungu musamman shi ne, hulɗar da ta bar al'ada a hannun masu ita, hukuma ta tsaya a matsayin mai tallafi, ita ce ke ɗorewa.

4.6 Makarantu da Darasin 'Yan Taru

Cibiyar ilimi ba jami'a kaɗai ba ce. Makarantun firamare da na sakandare, da makarantun allo da na Islamiyya, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari inda ake horar da malaman Hausa da na tarihi, su ne suka fi kusa da jama'a. Yaron da ke Kuci ko Sanyinna da wuya a kai shi Sakkwato kallon kayan tarihi, saboda nisa da kuɗin mota. Tun da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da maido da darasin tarihi a makarantun matakin farko a 2022, malamin karkara yana bukatar abin koyarwa da ya shafi garin da yake koyarwa.

Abin mamaki shi ne, maganin wannan matsala yana cikin kayan da hulɗar farko ta tono. Aikin Boyd ya bayyana tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa a wajen shekarun 1830. Ta naɗa jajoji daga ƙauyuka, ta ba kowace malfa alamar jagoranci. Su kan zo wurinta da ayarin mata, su koyi waƙoƙin da ta tsara ko aka fassara da Hausa, su koma su koyar a garuruwansu. Wato cibiya tana birni, amma ilimin yana fita da ƙafafun mutanen karkara, cikin harshensu. An yi nazarin wannan tsari, an yaba masa a littattafai, saura a kwaikwaye shi.

Bisa wannan, ana ganin hulɗar za ta fi amfani ga Tambuwal da Kebbe idan aka bi waɗannan hanyoyi:

(i) Hukumar ta ƙulla yarjejeniya da Sashen Koyar da Harsunan Nijeriya da Cibiyar Nazarin Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yadda duk ɗalibin da ya ɗauki murya a wurin bincike zai ajiye kwafe, tare da sunan mai magana da gari da rana, bisa yardar mai maganar.
(ii) A riƙa ɗaukar hoton littattafan malaman zaure a gidajensu, a bar musu asalin, a kuma ba su kwafe. Malami ba ya son rabuwa da littafin gado, kuma yana da gaskiya. Wayar hannu da kwamfuta sun sauƙaƙa wannan aiki.
(iii) A yi amfani da hakimai da malaman makaranta a matsayin jajojin wannan zamani, su nuna inda masana suke, su kuma karɓi sakamakon.
(iv) A fitar da ƙananan littattafai da Hausa, boko da ajami, da shirye-shirye a Rediyon Rima, a kan tarihin gundumomi.
(v) A nemi haɗin gwiwar hukumomin al'adu na jihohin Kabi da Zamfara a kan garuruwan iyaka.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an auna hulɗar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da cibiyoyin ilimi da na al'adu a kan tambayoyi uku. An ga cewa ta fuskar musayar amfani tsakanin jami'a da malaman Sakkwato, da kuma adana rubuce-rubucen masu jihadi, an sami nasarar da ta sauya yadda ake karanta tarihin ƙasar Hausa. An kuma ga cewa rubutu ya rinjayi adabin baka, Ingilishi ya rinjayi Hausa, birni ya rinjayi karkara, kuma ƙasar Tambuwal da Kebbe, wadda rabon jihohi ya mayar bakin iyaka, tana cikin wuraren da wannan rinjaye ya fi shafa. A babi na biyar za a kawo taƙaitawar binciken gaba ɗaya da sakamakonsa.